IBNUL HAISAM, MASANIN DA YA CE WA SARKI BA ZAI IYA BA

 

Duk wanda ya tashi daga Kano ya bi hanyar Zariya a tsakiyar rani, da zarar ya ƙetare gadar Tamburawa ta ƙasar Dawakin Kudu ya doshi Kura da Kadawa, zai ga abin da kakanninsa ba su taɓa gani ba. Ga hazo ya rufe sama, ga ciyawar daji ta bushe ƙamas, amma dama da hagun hanya gonaki ne kore shar, na alkama da tumatir da albasa da masara. Ruwan da ke shayar da su daga madatsar Tiga yake gangarowa, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ya biyo manyan magudanai har ya ratsa ƙasar Bunkure da Kura da Garun Malam. A cikin garin Dawakin Kudu kuwa akwai makarantar sakandaren kimiyya, ɗaya daga cikin biyu na farko da Jihar Kano ta buɗe a 1977, ita da ta Dawakin Tofa, domin a samu likitoci da injiniyoyi daga 'ya'yan ƙasa.

Madatsar nan da makarantar nan a kan abu ɗaya suke tsaye, watau amincewa da maganar masani. Manomin da ke kwana a gangaren madatsa bai taɓa auna kaurin bangonta ba, an dai ce masa waɗanda suka sani sun auna, shi kuwa ya yarda. To, mene ne ya wajaba a kan masanin da aka ba irin wannan amana, ranar da awo ya ƙaryata maganarsa, ko ya ƙaryata maganar malamansa? Akwai wani malami da wannan tambaya ta faɗo wa a bakin kogi shekara dubu da suka wuce, a wurin da amsar gaskiya tana iya jawo masa asarar kansa.

ASALINSA DA ABIN DA YA DAME SHI

Sunansa Alhasan ɗan Alhasan ɗan Haisam, ana yi masa alkunya da Abu Ali. An haife shi a birnin Basra na ƙasar Iraƙi wajejen shekara ta 354 bayan Hijira, watau 965 ta Miladiyya, ya rasu a Alƙahira wajejen 1040. Basra ta wancan zamani gari ne na malamai da muhawara, kowane zaure da nasa ra'ayi. Ibnu Abi Usaibi'a, wanda ya rasu a 1270, ya adana a cikin littafinsa na tarihin likitoci wani bayani da Ibnul Haisam ya rubuta a kan kansa a 1027. A ciki ya nuna cewa tun yana yaro abin da ya fi damunsa shi ne ganin kowace ƙungiya ta riƙe abin da ta tarar kam kam, tana rantsuwa nata ne daidai, alhali maganganun suna karo da juna. Sai ya sakankance cewa gaskiya ɗaya ce, saɓanin daga hanyoyin da ake bi wajen nemanta ya taso. Ya yi ta bincike har ya tsaya a kan hanyar da za a fara daga abin da ido da kunne da hannu suka riska, sa'an nan a tsara shi da hankali da lissafi. Ya kuma bayyana cewa fifita gaskiya da neman ilimi suna daga mafi girman abin da ke kusantar da bawa ga Ubangijinsa.

Wannan tambaya tasa ita ce ake kira falsafar kimiyya a yau. Mai kimiyya yakan tambayi yadda haske ke tafiya. Mai falsafar kimiyya kuwa yakan tambayi ta yaya za a tabbata cewa amsar da aka bayar gaskiya ce, kuma me zai sa a janye ta. Ibnul Haisam ya haɗa biyun.

ALKAWARIN KOGIN NILU

Rayuwar Masar duka a kan ambaliyar Nilu ta rataya a wancan zamani, domin ruwan sama ba ya sauka a can sai abin da ba a rasa ba. Kowace shekara kogin yakan cika ya malala, ya bar laka mai taki, sa'an nan a yi shuka. A tsibirin Rauda akwai ma'aunin ruwa da aka gina tun 861. Idan ruwa ya kai zira'i 16 sai a yi shela a yi murna, idan ya gaza sai tsada da yunwa, idan kuwa ya wuce kima sai ya ci garuruwa. Ibnul Ƙifɗi, wanda ya rasu a 1248, ya ruwaito cewa Ibnul Haisam tun yana Iraƙi ya taɓa faɗin cewa da a Masar yake, da ya yi wa Nilu aikin da za a riƙa amfana da shi ko ya cika ko ya janye, domin ya ji labari cewa daga wani tudu kogin yake gangarowa a kan iyakar ƙasar. Mai karatu ya lura da kyau: ji ya yi, bai gani ba.

Magana zarar bunu ce. Wannan ta tafi har kunnen Alhakim bi Amrillahi, sarkin daular Faɗimiyya, wanda ya mallaki Masar daga 996 zuwa 1021. Alhakim mai son ilimi ne, shi ya kafa Darul Ilmi a Alƙahira a 1005. Amma kuma mutum ne mai saurin juyawa, wazirai da alƙalai da yawa sun halaka bisa umarninsa, har miyar lalo, wadda Misirawa ke kira mulukiyya, ya taɓa hana sha. Sai ya aika wa Ibnul Haisam da dukiya ya kira shi, ya fita da kansa ya tarye shi a wani ƙauye da ake kira Handaƙ, ya haɗa shi da magina da masu sana'a, suka kama hanyar kudu suna bin kogi.

Tun a hanya jikinsa ya fara sanyi. Ya ga gine-ginen mutanen farko, ya ga ƙwarewarsu wajen sassaƙa dutse da awo, sai ya ce a ransa da abin nan mai yiwuwa ne da waɗannan ba su bar shi ba. Da suka isa Janadil, kudu da Asuwan, inda ruwa ke ratsa duwatsu, sai ya duba gaɓar nan ya duba waccan, ya gwada, ya tarar wurin ba kamar yadda aka siffanta masa yake ba, aikin kuma ya fi ƙarfin kayan da ke hannunsa.

A nan ne halin mutum ke bayyana. Ga dukiyar sarki a hannunsa, ga ma'aikata, ga tafiyar makonni tsakaninsa da fada. Da ya so, da sai ya sa a fara haƙa, a tara duwatsu, ya riƙa aika wa sarki da labari mai daɗi yana neman ƙarin kuɗi, bana a ce saura kaɗan, baɗi a ɗora wa ambaliya laifi. Ba a rasa masu yin haka a kowane zamani. Shi kuwa ya juya ya koma Alƙahira cikin kunya, ya tsaya gaban sarkin da kowa ke tsoro, ya faɗa masa ba zai iya ba.

Sarki ya nuna ya karɓi uzurinsa, ya ba shi aiki a wani ofishin hukuma. Amma Ibnul Haisam ya san wanda yake yi wa aiki, sai ya shiga nuna taɓin hankali. Aka riƙe dukiyarsa, aka tsare shi a gida, har zuwa 1021, lokacin da Alhakim ya fita da dare zuwa duwatsun Muƙaɗɗam ba a sake ganinsa ba. Sa'an nan ya bayyana lafiyarsa ƙalau, aka mayar masa da kayansa, ya zauna kusa da ƙofar masallacin Azhar. An ruwaito cewa da alƙalaminsa yake ci: kowace shekara yakan kwafi littafin Uƙlidis na lissafin siffofi, da Almajisɗi na Batlamus, da waɗansu littattafan da ake karantawa tsakaninsu, ya sayar dinari 150, su ishe shi shekara.

ƊAKI MAI DUHU

Mutumin da ya taɓa yin alkawari bisa jita-jita shi ne ya bar wa duniya Kitabul Manazir, littafi mai kashi bakwai a kan haske da gani. Kafinsa masana sun rabu biyu shekaru aru-aru. Masu lissafi, irin su Uƙlidis da Batlamus, sun ce wani tsirkiyar haske ne ke fita daga ido ya taɓa abin da ake kallo. Masu nazarin halitta, mabiya Aristo, sun ce surar abu ce ke zuwa ga ido, amma ba su da lissafin da za su kafa maganar a kansa. Ibnul Haisam ya ajiye maganganun biyu gefe, ya ce a sake tun daga tushe, a bi al'amura ɗaya bayan ɗaya ana dubawa. Ya ɗora wa kansa sharaɗin bin adalci da barin son zuciya, ya kuma amsa tun a farkon littafin cewa shi ma bai kuɓuta daga raunin ɗan Adam ba. Gwajin da yake yi da hannunsa shi yake kira i'itibari.

Ya lura cewa wanda ya kalli rana idonsa yakan yi zafi, wanda kuma ya daɗe yana kallon abu mai haske sa'an nan ya juya ga duhu yakan ci gaba da ganin alamarsa. Wannan ya nuna wani abu ne ke shiga ido daga waje. Ya sa a leƙa abu ta cikin miƙaƙƙen bututu, a toshe wani sashe na bakinsa, sai sashen abin da ke daidai da toshiyar ya ɓace. Ya jera fitilu a gaban wata 'yar kafa da ta buɗe zuwa wuri mai duhu, sai ga ɗigon haske a bango daidai da kowace fitila. Da ya rufe fitila ɗaya, ɗigonta kaɗai ya ɓace, da ya buɗe ta ya dawo. Ta haka ya tabbatar cewa haske miƙe yake tafiya, kuma hasken fitilu da yawa yana ratsa kafa ɗaya ba tare da ya gauraya ba. Duk yaron da ya taɓa kwanciya a ɗaki da hantsi, ya ga zaren rana ya shigo ta hudar jinka ƙura tana yawo a cikinsa, ya ga farkon wannan gwaji.

Abin lura shi ne yadda yake rubutu. Yakan siffanta kayan gwajin dalla-dalla, yadda za a yanka su da yadda za a ajiye su, domin mai karatu ya yi da kansa ya gani. Watau bai nemi a gaskata shi domin girmansa ba, ya miƙa wa kowa sandar da za a iya dukansa da ita in ya yi kuskure.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ibnul Haisam ya yarda da haka, amma ya ƙara cewa gani ma yakan yaudari mai shi, har ya keɓe kashi na uku na littafinsa ga kurakuran gani. Sandar da aka tsoma a ruwa takan zama kamar karyayya alhali lafiyarta lau. Wata yakan zama kamar ya fi girma lokacin fitowarsa a kan lokacin da ya tsaya tsaka, ya kuwa bayyana cewa hukuncin da zuciya ke yankewa a kan nisa yana da hannu a cikin wannan. Sabo da haka ji yana bukatar gani, gani kuma yana bukatar awo da lissafi.

SHAKKA A KAN BATLAMUS

Batlamus ya zauna a Iskandariya a ƙarni na biyu na Miladiyya, littafinsa Almajisɗi kuwa shi ne madogarar masu ilimin taurari fiye da shekara 800 kafin Ibnul Haisam. Duk da haka Ibnul Haisam ya rubuta littafi sukutum mai suna Asshukuk ala Batlamyus, ya tara wuraren da Batlamus ya saɓa wa kansa, da wuraren da ya zana da'irori a takarda waɗanda suke fitar da lissafi daidai, amma babu wani jiki na haƙiƙa da zai iya juyawa a kansu yadda ya ce.

A gabatarwar wannan littafi ne ya shimfiɗa ra'ayinsa. Ya nuna cewa ɗabi'ar mutane ce kyautata zato ga malamai, har mai karatu yakan ɗauka da zarar ya fahimci nufin marubuci to ya kai ga gaskiya, alhali fahimtar magana daban, ingancinta daban. Ya kafa hujja da cewa Allah bai sanya malamai ma'asumai ba, domin da haka ne da ba su saɓa wa juna ba. Don haka ya ce mai neman gaskiya ya tsaya wa abin da yake karantawa tsayuwar abokin shari'a, ya bincike shi ta kowace fuska, sa'an nan ya tuhumi kansa shi ma, kada ya zalunci marubucin don ƙiyayya, kada kuma ya sassauta masa don ƙauna.

Wannan ma'auni bai bar mai shi ba. Ibnul Haisam ya rayu ya mutu yana ganin ƙasa ce tsakiyar sammai, rana ke kewaya ta. Ya kuma ɗauka cewa ƙwayar nan mai kama da ƙanƙara da ke cikin ido ita ce ke fara jin haske. An juya littafinsa zuwa Latin, aka buga shi a birnin Basel a 1572, Turawa suna kiransa Alhazen. Daga cikin waɗanda suka yi karatun wannan fanni akwai Kepler, Bajamushe, wanda ya nuna a 1604 cewa a kan tantanin da ke can bayan ido ne sura ke sauka, kuma a kife take sauka. Kafin wannan, Kamaluddin Alfarisi ya yi wa littafin sharhi wajejen farkon ƙarni na 14, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya gwada, ya fitar da bayanin bakan gizo wanda ya wuce na Ibnul Haisam. Da hanyarsa aka gyara shi, wannan kuwa shi ne cikar burin malami irinsa.

SHIN WANNAN BA RASHIN LADABI BA NE?

Wani zai ce wannan hanya tana koya wa yaro raina na gaba, kuma a ƙasar da aka san almajiri da durƙusawa gaban malami, shakka ƙofar fitsara ce. Maganar tana da nauyi, domin lalle akwai wanda zai karanta shafi biyu ya tashi yana ƙaryata kowa. Amma a tuna da sana'ar Ibnul Haisam. Mutumin da ke kwafe Almajisɗi da hannunsa kowace shekara ya san littafin fiye da masu rantsuwa da shi. Sai da ya ƙoshi da karatun Batlamus, ya amsa fifikonsa, sa'an nan ya nuna inda ya yi tuntuɓe. Wanda bai yi wahalar karatu ba, shakkarsa jahilci ce da ta sake riga. Haka kuma abin da ya sa wa ido shi ne maganar 'yan Adam a kan halitta, abin da ake iya aunawa a sake aunawa.

Wannan hali ba baƙo ba ne a gidan Musulmi. A cikin Suratul Isra'i, aya ta 36, an hana mutum bin abin da ba shi da sani a kansa, aka kuma gargaɗe shi cewa za a tambaye shi a kan jinsa da ganinsa da zuciyarsa. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da mutanen Madina suna yi wa dabino barbara, watau suna ɗaukar furen namiji suna sa wa mace, sai ya nuna yana zaton ko ba a yi ba zai yi kyau. Suka bari, dabino bai yi albarka ba a shekarar. Da aka faɗa masa sai ya bayyana musu cewa wancan zato ne, ya bambanta shi da abin da yake isar musu daga Allah, ya kuma mayar musu da sanin sha'anin duniyarsu. Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, a wasiƙarsa ga Abu Musa Al'ash'ari a kan alƙalanci, ya hore shi kada hukuncin da ya yanke jiya ya hana shi komawa ga gaskiya in ta bayyana masa yau. An kuma ruwaito cewa wani mutum ya yi tafiyar watanni ya kawo wa Imamu Malik tambaya, Malik ya ce bai sani ba. Mutumin ya tambaya me zai gaya wa mutanen garinsu, Malik ya ce ya gaya musu Malik bai sani ba. Darajar Malik ba ta ragu ba, sai ma ta sa aka amince da shi a inda ya ce ya sani.

Ilimin lissafi da taurari ma ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Muhammadu ɗan Muhammadu Alfulani Alkatsinawi ya tashi daga Katsina ya yi aikin Hajji, ya zauna a Alƙahira yana karantarwa da rubutu a kan lissafi, ya rasu a can a 1741 a gidan Shaihu Hasan Aljabarti. Ɗalibin Dawakin Kudu da ke riƙe da ma'auni a ɗakin gwaje-gwaje gadon gidansu yake nema.

HAUKAN ƘARYA, LAIFIN WA?

Saura wani ƙulli. Mutumin da ya ƙi yi wa sarki ƙarya a kan kogi, ga shi ya yi shekaru yana ƙaryar hauka. Ƙaryar biyu ba ɗaya ba ce. Ta farko da ta cinye dukiyar jama'a, ta sa manoma dogara ga bangon da ba zai tsaya ba. Ta biyu kansa kaɗai ta shafa, shi ya biya kuɗinta da dukiyarsa da 'yancinsa, malamai kuwa sun san rangwamen da aka yi wa wanda aka tilasta, yana tsoron halaka. Amma asara ta tabbata, kuma Masar ce ta yi ta. Sarki ya kira mafi sanin mutanen zamaninsa, tsoro ya mayar masa da shi mahaukaci a kulle. Shugaban da ke hukunta mai kawo labari maras daɗi, ba da daɗewa ba zai waiwaya ya tarar ba kowa a fadarsa sai maƙaryata da masu shiru.

Ibnul Haisam shi ma yana da nasa rabon laifi, domin ya yi alkawari a kan kogin da bai taɓa gani ba. Har ila yau tunanin da ya zo masa a hanya, cewa abin da mutanen farko ba su yi ba ba zai yiwu ba, ba hujja ba ce, irin dogaron nan ne ga magabata da shi kansa ya yi gargaɗi a kai. A Asuwan ɗin nan aka gama madatsa ta farko a 1902, aka kuma gina babbar tsakanin 1960 da 1970. Awonsa ya yi daidai da kayan aikin zamaninsa. Cewa ba zan iya ba gaskiya ce da awo ya tabbatar, amma cewa ba mai iyawa har abada da'awa ce da ta wuce sanin kowane masani.

DAGA ASUWAN ZUWA TIGA

Abin da ya gagari Ibnul Haisam a Nilu an yi shi a Kogin Kano. Tiga tana iya riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan biyu, albarkarta kuwa ba ta ɓoyu ba. Inda dā sai ɗan lambu a bakin rafi ana ɗiban ruwa da jigo, yanzu ana noma rani da damina, Kura ta zama kasuwar shinkafa da ake zuwa daga nesa, matasa da yawa da dā cin rani za su tafi sun samu abin yi a gida. Amma kowace madatsa littafi ce mai shafi biyu. Ta Asuwan ta tsare lakar da ke takin gonakin Masar, ta kuma tashi dubban mutanen Nuba daga garuruwansu. A nan ma, bayan Tiga da madatsar Challawa da aka gama a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗejiya da Nguru ta ragu, masunta da makiyaya da manoman can suka ji a jikinsu, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa. A cikin filin noman ranin kansa akwai gonakin da ruwa ya kwanta musu a ƙasa sabo da yawan ban ruwa da toshewar magudanai. Waɗanda suka auna ne suka gano waɗannan abubuwa, kuma amanar da ke wuyansu ita ce su karanta wa hukuma da jama'a shafi biyun duka. A watan Agusta na 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle bayan ruwa mai yawa, ta ci gidaje da gonaki. Ruwa ba ya jin jawabi, nauyinsa kawai bango ya sani.

Don haka darasin Ibnul Haisam ya shafi mutane da yawa a wannan yanki. Ya shafi injiniyan da aka kawo wa takarda ya sa hannu a kan aikin da bai je ya duba ba. Ya shafi malamin gona da mai sayar da maganin feshi, waɗanda manomi ke zuwa wurinsu cikin ruɗu, kamar yadda aka gani a 2016 lokacin da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta cinye tumatir: wanda bai san maganinta ba ya ce bai sani ba ya fi wanda ya karɓi kuɗi ya ba da zato. Ya shafi manomin kansa, wanda zai iya gwada sabon iri ko sabon taki a fangali ɗaya, ya bar na kusa da shi yadda ya saba, ya kwatanta su ranar girbi kafin ya zuba jarinsa duka. Wannan shi ne i'itibari, ba ya bukatar takardar shaida.

Ya kuma shafi ɗalibi, wataƙila fiye da kowa. Yaro ya yi gwaji a makaranta, ma'auni ya ba shi lamba, littafi ya ba shi wata. Ba mai ganinsa, sai ya goge tasa ya rubuta ta littafi domin ya samu maki. Abin kamar ƙarami ne, amma hannun da ya saba da wannan gogewa shi ne zai riƙe alƙalamin sa hannu a kan gada ko madatsa bayan shekara ashirin. Malamin da ya yaba wa yaron da ya rubuta abin da ya gani, ya zauna da shi suka nemi inda kuskuren ya shigo, ya yi wa mutanen da ke kwana a gangaren Tiga aikin da ba za su taɓa sani ba.

Ibnul Haisam bai gina ko taku ɗaya na bango a Asuwan ba. Ya koma da kunya, ya rasa dukiya da 'yanci na shekaru, ya ƙare rayuwarsa yana kwafar littattafai a bakin masallaci. Amma ba a binne ko mutum ɗaya sabo da maganarsa ba, kuma shekara dubu bayansa ana nan ana maimaita gwajinsa na fitilu, yana fitowa yadda ya faɗa. Allah Ya ba masana ƙarfin halin faɗin abin da awo ya nuna, Ya ba shugabanni haƙurin saurare, amin.